Zanen Bahago a Fuskar Anaruwa

A zamanin da ba a san bindiga ba a ƙasar nan, lokacin da daji ya fi gari faɗi, mutum kan yi tafiyar kwana huɗu bai ji carar zakara ba, an yi wani maharbi da ake kira Anaruwa. Shi ne ya sari garinmu, Mashayar Ɓauna, shi ne kuma kakana na bakwai ta wajen uba. Abin da zan faɗa ba a takarda na same shi ba. Da na ajiye aikin gandun daji bayan shekara talatin da biyar, na ga zaman gindin bishiya da musun siyasa ba zai karɓe ni ba, sai na sayi littafi da alƙalami na shiga bin tsofaffi ina tambayar asalinmu. Shekara shida na yi ina wannan yawo. Inda bakinsu ya zo ɗaya na riƙe, inda suka saɓa zan gaya muku.

Ba a haifi Anaruwa a inda ya tashi ba. Wani sarkin baka mai suna Dogara ne ya tsince shi can arewa, a tsakiyar damina, ana tsuga ruwa. Ya same shi a gindin wata tsamiya, yaro ɗan shekara uku, yana zaune kusa da gawar wata mace. A wuyanta da hannuwanta akwai shatin igiya, ƙafafunta duk sun farfashe da tafiya. Wanda ya san zamanin ba ya buƙatar bayani: mahara ne suka kamo ta daga nesa, ta kuɓuce musu da ɗanta a goye, ta yi gudu iyakar ƙarfinta. Dogara ya binne ta, ya saɓa yaron a kafaɗa. Ya tambaye shi sunansa, ya tambaye shi sunan ubansa, yaron bai ce uffan ba, kuma ya shafe wata uku bai yi magana ba. Don haka aka kira shi Anaruwa, saboda ruwan da ake yi ranar.

Abu ɗaya tak ya zo da shi daga gida, shi ne zanen fuskarsa. A wancan zamani zane shi ne shaidar mutum. Jariri na cika kwana bakwai wanzami zai tsaga masa zanen gidansu, domin ko an sace shi ko ya ɓace, fuskarsa ta faɗi inda ya fito. Na Anaruwa bille ne guda a kunci, da tsaga uku-uku a gefen ido. Dogara ya nuna shi ga wanzamai biyu ko uku, suka ce ai irin wannan zane ya cika ƙasa, sai ya bar maganar ya ci gaba da sabgarsa.

Yaron ya tashi a gidan farauta, ya kuma fi 'ya'yan gidan. An ce yana duban sawu ya faɗi ko dabbar mace ce ko namiji, ko ta ƙoshi, ko tana da ciki. An ce idan zaki ya taso masa yakan zama suri, zakin ya yi ta kewaya shi har ya gaji. An ce bai taɓa harba kibiya biyu a kan dabba ɗaya ba. Ni ban ga wannan da idona ba, amma tsofaffi huɗu a garuruwa uku sun faɗa mini shi ba bambanci. Sai dai akwai inda duk wannan ba ya amfana masa komai. Idan maharba suka taru aka soma kiɗa, kowa kan yi tsalle ya shiga fili ya yi kirari, ya ce shi ne wane ɗan wane jikan wane. Anaruwa kan shiga ya ce, "Sai ni na Dogara, kibiya ɗaya gawa ɗaya!" Daga nan sai ya tsaya, don babu sunan da zai ɗora. Wanda bai taɓa kashe ko gada ba ya fi shi tsawon kirari, kuma abin yana cin sa ƙwarai.

Da Dogara ya mutu, 'ya'yansa suka fara kiran Anaruwa tsintacce a gaban jama'a. Ya ɗauki bakansa da kwarinsa, ya ɗauki matarsa, mutum bakwai suka biyo shi, suka nausa kudu. A hanya ya ga sawun wata ɓauna mai ƙaho ɗaya, ya ce inda ta tsaya nan za su tsaya. Kwana tara suna bin ta, ba ta yi nisa ba, ba ta kuma bari an cim mata ba, har ta kai su wani marmaro a gindin dutse, ta sha ruwa, ta shiga ciyawa, ba a sake ganinta ba. A nan Anaruwa ya kafa bukka. Cikin shekara biyar bukka ta zama gari, manoma da maƙera da masu gudun mahara suka yi ta zuwa, domin an ji cewa akwai namiji a wurin.

Yamma da garin, tafiyar rabin yini, akwai wata duhuwa da ake kira Duhuwar Giwa. Sarƙaƙiya ce ta kewaye ta, mai kaurin da ko kare ba ya ratsawa, manyan itatuwa kuma sun rufe samanta. Babu hanyar da ta shiga, babu wadda ta fito. Fatake sun ce mazaunin iskoki ce, wasu sun rantse sun ga farin abu yana gilmawa a bakinta. Shi kansa Anaruwa ya kewaya ta sau biyu bai ga sawun ɗan Adam ba, sai na giwaye, waɗanda ke yini a inuwar gefenta.

Giwayen nan su ne suka zame wa garin masifa. Shekara biyu a jere suna bari sai dawa ta yi kai, sannan su shigo su tattake gonaki, abin da ba su ci ba su kwantar da shi. A shekara ta biyu yunwa ta shiga gari, aka binne yara goma sha ɗaya kafin damina ta kewayo. Mutane suka fara ɗaure kaya. Anaruwa ya tara su ya ce su ba shi zuwa tsakiyar rani.

Ya jira har ciyawa ta bushe ƙarau, har iska ta daidaita tana busowa daga gabas. Ran nan da hantsi ya jera mutanensa a gabashin duhuwar, kowa da bakin wuta a hannu, ya ɗaga baka, aka cinna a tare. Sa wa daji wuta don koro nama tsohuwar dabarar maharba ce, ba shi ya fara ba. Amma irin wannan wuta ba a taɓa gani ba. Ta ci ciyawa, ta kama sarƙaƙiya, ta hau itatuwa, kwana uku hayaƙi ya rufe rana. A yinin farko an ji ƙara daga can ciki, wadda ba ta yi kama da kukan giwa ba. Mutanen suka dubi juna, wani ya ce iskoki ne ke gudu. Anaruwa ya saurara, ya ce haka ne, ya kuma hana kowa shiga tokar sai bayan damina, kada iskokin su huce a kansa. Giwa tara aka samu a gefe, gari ya ci nama, ya sayar da haure. Da ruwa ya sauka ciyawa ta rufe wurin, tsoro kuma ya hana a leƙa.

Daga ranar kirarinsa ya yi tsawo. Makaɗa suka riƙa cewa: "Anaruwa wutar rani, mai cin ɗanye da busasshe! Mai korar giwa da aljani rana ɗaya!" Garin ya cika ya batse, aka yi ganuwa, aka yi kasuwa. Shekara talatin suka wuce a haka.

Da gwiwa ta fara ciwo, ido ya fara hazo, Anaruwa ya tara maharba ya miƙa wa babban ɗansa Tunau baka da kwari, kamar yadda aka saba, ya koma zaure ya zauna. Duk wanda ya taɓa barin aiki ya san wannan zama. Kwanakin farko daɗi, sai gaisuwa da fura. Bayan wata biyu sai ka ga rana ta ƙi faɗuwa, tunanin da ka ture shekara da shekaru ya zo ya zauna kusa da kai a kan tabarma. Tunanin Anaruwa ɗaya ne: ga shi da gari, ga 'ya'ya da jikoki, dukkansu an tsaga musu zanen da aka kwaikwaya daga fuskarsa, amma babu wanda ya san ko zanen wane gida ne. Zai mutu bai san sunan ubansa ba.

Wata safiya ya fito da sanda da gora. Tunau ya tare shi a ƙofar gida.

"Baba, ina kuma za ka da wannan ƙafar?"

"Na bi sawun kowace dabba a dajin nan," in ji shi. "Saura nawa."

Dabararsa mai sauƙi ce. Duk garin da ya shiga, ranar kasuwa zai nemi rumfar wanzamai, ya zauna, ya tuɓe hula, ya ce su duba fuskarsa. Ya fara daga arewa, daga tsamiyar da aka tsince shi, ya riƙa faɗaɗa da'ira kamar mai neman jinin dabbar da ya harba. Ya sha wuya, ya kuma sha ƙarya. Wanzamai da maroƙa na ganin dattijo mai kwarjini sai su ba shi abin da suke zaton yana so. A wani gari aka ce masa jinin sarauta ne, ubansa yarima ne da ya rasa gadon mulki. A wani aka ce jikan wani waliyyi ne da ya zo daga gabas a kan raƙumi. Ni ma da na fara nawa yawon sau uku ana naɗa ni jikan sarki, har na lura cewa a ƙasar nan babu wanda kakansa ya yi noma. Anaruwa bai ruɗu ba. Yakan tambayi sunan gida, ya je da ƙafarsa, ya dubi fuskokin mutanen, ya ga ba su ba ne, ya wuce.

A shekara ta uku aka kwatanta masa wani tsohon magajin aska mai suna Barmo, wanda ya haura casa'in, idonsa ya tafi, ya bar wa 'ya'yansa zabira. Anaruwa ya same shi a zaure ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya kawo shi. Barmo ya ce ya matso. Ya ɗora yatsunsa a kan kuncinsa, ya bi billen a hankali daga sama zuwa ƙasa, ya sake bin sa daga ƙasa zuwa sama. Ya daɗe yana yi.

"Duk waɗanda ka je wurinsu zanen suka duba," in ji Barmo. "Zanen ai na kowa ne. Ba su duba hannun ba."

"Wane hannu, Magaji?"

"Hannun da ya riƙe askar. Mu na dama daga gefen hanci muke farawa mu sauko, sai tsagar ta fi zurfi a sama. Taka daga ƙasa aka ɗauko ta aka haura. Bahago ne ya yi maka. Kuma bahago ɗaya na sani da aka taɓa bari ya taɓa fuskar jariri, shi ne Makau. Gida ɗaya muka koyi aiki."

Anaruwa ya gyara zama. Ya tambayi inda Makau yake. Barmo ya ce tun suna samari mahara suka addabi ƙauyensu Makau, mutanen suka tashi gaba ɗaya, ba wanda ya san inda suka shiga. Amma shekarun baya, kafin idonsa ya tafi, ya taɓa yi wa wata mata ƙaho a wani ƙauyen masaƙa da ake kira Tungar Zare. Bayanta duk tabon ƙuna ne, a fuskarta kuwa ya ga hannun Makau. Sunanta Cima, in tana da rai.

Anaruwa ya san Tungar Zare. Tafiyar kwana biyu ce daga garinsa. Shekara uku yana nisa da gida, ga shi sawun ya lanƙwaso ya dawo baya. Maharbi ya san dabba ɗaya da ke yin haka, ita ce ɓaunar da aka ji wa rauni, wadda kan kewayo ta laɓe a gefen sawunta tana jiran mai bin ta. Ya sha jinin jikinsa, amma bai fasa ba.

Ya sami Cima da la'asar a bayan wata bukka tana kaɗi. Tsohuwa ce ƙanƙanuwa, hannunta na hagu ya shanye, yatsun sun manne da juna. Ya yi sallama, ta ɗago. Ta dubi fuskarsa, mazarin ya faɗi daga hannunta. Ta miƙe da ƙyar ta matso, ta shafa kuncinsa, sai ta fashe da kuka.

"Wayyo ni! Ashe akwai saura? Ashe ba ni kaɗai ba ce?"

Ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo ruwa, ta kawo ɗan tuwon da ta ajiye wa kanta. Ya ba ta labarin tsamiya da matar da ke da shatin igiya. Ta riƙe baki. Ta ce ta tuna, tana 'yar shekara bakwai ko takwas aka kama wata mata da ɗanta a bakin rafi, sun fita neman kanwa. Ta ce, "Kai ne! Ni na sha goya ka. Ƙanena, kai ne!"

Anaruwa ya ajiye ƙwaryar ruwa. Ya ce, "Yaya, ina garinmu yake?"

Ta ce ai ba gari ba ne irin na mutane, maɓoya ce. Da mahara suka ishe su, iyayensu suka shiga tsakiyar wata duhuwa suka share fili, suka dasa sarƙaƙiya suka kewaye kansu. Ƙofa ɗaya suka bari, ita ma sai da rarrafe, kuma duk wanda ya fita sai ya share sawunsa da reshe. Ba sa kiwon zakara, ba sa kiwon kare. Ba a daka a turmi, sai niƙa a dutse, don kada a ji. Ba kiɗa, ba guɗa, ko jariri aka haifa da raɗa ake murna. Su da kansu suke sa farin zane su gilma a bakin duhuwar idan sun hangi fatake, don a ce iskoki ne. Giwaye ma sun bar su suna yini a gefe, don su tattake duk wata alama. Ta ce dabarar ta yi, shekara arba'in ba maharin da ya gan su.

"Sai wata rana da hantsi muka ji ƙauri," in ji ta. "Ƙofarmu gabas take kallo. Ta nan wutar ta zo."

Ta faɗa masa sauran ba tare da ta ɗaga murya ba. Ƙayar da suka dasa don ta tsare su ita ta tsare su. Maza suka yi ta saran ta da gatari ta yamma, ba su kai rabi ba. Ita ta faɗa ramin da suke ɗiban yumɓu, mai ɗan ruwa a ƙasa, da autarta a hannu. Da ta fito bayan kwana biyu autar ba rai, sauran 'ya'yanta huɗu da mijinta ba ta iya bambance su da sauran ba. Ta ce daga baya ta ji wai wani maharbi ne ya sa wutar don giwaye, har yau makaɗa na yi masa kirari da ita, ta sha jin su a kasuwa.

Ta share ido da gefen zane, ta yi murmushi. "Bar wannan. Yau ranar farin ciki ce. Na san uwarka, na san ubanka, na san sunan da aka raɗa maka, duk zan gaya maka. Amma kai fa, wane suna waɗanda suka tsince ka suka sa maka?"

Ba wanda ya san shi a Tungar Zare. Da ya ce sunansa Tanko ko Jatau, da ta faɗa masa abin da ya yi shekara sittin yana nema, ya tashi ya tafi, ita ma ta mutu da farin cikin ta ga ɗan'uwa. Na auna abin a raina sau da yawa, kuma ba zan ɓoye muku ba, da ni ne da na yi ƙaryar. Shi bai yi ba.

Ya ce, "Anaruwa."

Ta dube shi. Ya ce, "Ni ne, Yaya. Ni na jira iskar, ni na ɗaga baka aka cinna. Na ji ƙarar, na ce iskoki ne."

Cima ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Ta ɗauki ƙwaryar da ya sha ruwa ta kife ta, ta shiga bukka ta ja asabari. Ya zauna a inda yake. Kwana biyu yana wurin, bai ci ba, bai tashi ba, masaƙa na wucewa suna kallonsa. A rana ta uku da safe ta fito ta zauna nesa da shi, ta ɗauki mazarinta.

"Ka zo neman suna," in ji ta. "To, buɗe kunnenka. Abin da na faɗa ka maimaita."

Ta fara daga gidan da ke bakin ƙofa. Ta faɗi sunan maigidan, da matansa, da 'ya'yansa har na goye. Ya maimaita. Ta wuce gida na biyu. Idan ya yi kuskure sai ta ce a koma farko. Shekara talatin da uku tana bitar sunayen nan ita kaɗai a bakin kaɗi, don kada su ɓace, ba ta manta ko ɗaya ba. Kwana bakwai suna yi, har ya iya jero su ba tuntuɓe: mutum ɗari biyu da shida, a cikinsu magidanta arba'in da ɗaya.

Da ya kai ƙarshe a rana ta bakwai, ta ce, "Ubanka yana ciki. Yana da rai ranar. Bai sake aure ba bayan uwarka, kuma duk damina sai ya rarrafa ya fita bakin rafin nan ya duba, ko Allah zai sa."

Anaruwa ya sa goshinsa a ƙasa. Ya ce, "Yaya, don girman Allah, wanne ne?"

"Ka faɗi sunansa da bakinka yau, ka faɗe shi jiya."

"Wanne ne a ciki?"

"Tare ka ƙone su," in ji ta. "Riƙe su tare."

Ya roƙe ta har muryarsa ta dushe. Ya ce ta zo garinsa a gina mata ɗaki, jikokinsa su yi mata hidima. Ta ce ba za ta sha ruwan garin ba. Bayan ya koma gida ya aika Tunau sau biyu da hatsi da zane, ta mayar da su. A zuwa na uku aka nuna wa Tunau kabarinta. Wasu na cewa mugunta ta yi. Ni ban iya cewa haka ba, ban kuma iya cewa ta kyauta ba, na dai san ba ni na fito daga ramin yumɓu da gawar 'yata a hannu ba.

Anaruwa ya tara garin, ya faɗa musu komai a tsaye, bai rage ba. Ya ja su zuwa duhuwar, suka sassabe sabon dajin da ya tsiro. Da suka tona ƙasa kaɗan suka fara cin karo da duwatsun niƙa, da fasassun tukwane, da ƙasusuwa. A gefen yamma suka sami ruwan gatari goma sha tara a wuri ɗaya. Suka tattara abin da suka samu suka binne a rami guda, suka jera duwatsun niƙan a kai. Ya hana a sake yi masa kirarin wuta, makaɗin da ya manta ya yi, sai da ya bar garin. Ya kuma kafa doka cewa ba mai sake sa wa daji wuta a ƙasar Mashayar Ɓauna, ko don nama ko don sharar gona.

Ya yi shekara huɗu bayan haka. Kullum da safe yana zaure yana jero sunayen magidantan nan, a hankali, yana tsayawa bayan kowanne. Tunau ya ce yana saurare ne ko wani zai motsa masa zuciya fiye da sauran. Wani lokaci yakan yi kwanaki yana zaton Makau wanzami ne ubansa, sai ya tuna wanzami ba shi ya haifi duk yaran da ya tsaga ba. Wani lokaci ya koma kan wani. Har ya mutu bai tsayar da ɗaya ba.

Wurin yana nan, ana kiransa Maniƙa, saboda duwatsun. Na auna shi da kaina, taki sittin ne da huɗu a kewaye, kuma ba a noma shi. Dokar wuta ma tana nan. A duk shekarun da na yi ina aikin daji, yankinmu ne kaɗai ban taɓa zuwa kashe gobarar maharba ba. Sunayen mata da yara sun fara zubewa, ɗari da tara kawai na iya tattarawa daga bakin tsofaffi, abin da ke damuna ke nan har yanzu. Amma na magidantan ba wanda ya ɓace, domin duk ranar da aka yi haihuwa a zuriyar Anaruwa, idan liman ya raɗa suna aka shafa, ba a tashi. Wanzamin gidan zai miƙe tsaye ya jero su ɗaya bayan ɗaya, tun daga mai gidan bakin ƙofa har zuwa na ƙarshe. Bayan kowane suna yakan dakata, mazan gidan kuma, tsoho da yaro, su amsa baki ɗaya: "Allah ya jiƙan Baba." Sau arba'in da ɗaya muke faɗa, don mun tabbata a ɗaya daga ciki mun faɗa daidai.